Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Kirista Da Tsoron Mutuwa



Wani dare cikin damina, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, aka buga mini ƙofa. Wani saurayi ne daga ɗaya daga cikin majami'unmu na ƙauye, ya zo a kan babur, ya jiƙe sharkaf. Ya ce, "Fada, Baba ne, jikin ya yi tsanani." Na ɗauki man shafewa da Jikin Kristi, muka kama hanya. Rafi ya kawo ruwa, sai da muka zaga ta gada. Tun daga bakin gari muka jiyo kukan mata: dattijon ya riga ya cika. Bayan an natsu na tambayi uwargidan, "Mama, tun yaushe yake kwance?" Ta ce mako uku. Na ce, "Me ya hana ku aiko mini da wuri?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Fada, tsoro muka ji. Mun ce in ya gan ka da man nan, zai ɗauka mun fid da rai da shi." Daga baya ɗansa ya shaida mini cewa sau biyu tsohon ya tambaya ko an gaya wa Fada, su kuwa suna ce masa ya bari sai ya ji sauƙi.

Ban tsawata wa wannan uwa ba, gama ƙauna ce ta sa ta yi haka. Duk da haka, tsoro ya hana bawan Allah abin da ya roƙa da bakinsa. A wannan wata na Nuwamba, da muke bikin Dukan Tsarkaka ranar 1 ga wata, muke kuma yi wa dukan matattu masu bangaskiya addu'a ranar 2 ga wata, ya kamata mu zauna mu dubi wannan tsoro ido da ido.

1. Jin tsoro ba zunubi ba ne

Kada wani ya zargi kansa don gabansa yana faɗuwa in an ambaci mutuwa. Littafin Hikima ya koya mana cewa ba Allah ne ya yi mutuwa ba, ba ya kuwa murna da hallakar masu rai (Hikima 1:13). Manzo Bulus ya kira ta abokiyar gaba ta ƙarshe (1 Korantiyawa 15:26). Don rai aka halicce mu, shi ya sa jikinmu yake ƙin kabari.

Ubangijinmu da kansa ya ɗanɗana wannan. A Baitanya ya tsaya kusa da kabarin abokinsa Li'azaru ya yi hawaye, alhali ya san zai tashe shi (Yohanna 11:35). A Gatsemani baƙin ciki ya rufe shi, ya roƙi Uba ya ɗauke masa ƙoƙon wahala, sa'an nan ya miƙa kansa ga nufin Uba (Markus 14:33-36). Saboda haka Ekklesiya ba ta hana kowa kuka a gidan makoki. Abin da Bulus ya gargaɗi Tasalonikawa a kai shi ne baƙin ciki irin na waɗanda ba su da bege (1 Tasalonikawa 4:13).

2. Tsoron da yake mai da mutum bawa

Jin tsoro daban, zama bawan tsoro daban. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta bayyana cewa Ɗan Allah ya ɗauki nama da jini irin namu domin ta wurin mutuwarsa ya karya ikon Iblis, ya kuma 'yantar da waɗanda tsoron mutuwa ya ɗaure su cikin bauta dukan kwanakinsu (Ibraniyawa 2:14-15). Wannan bauta tana nan a tsakaninmu, ga kuma alamunta.

Ita ce take sa Kirista ya karɓi Jikin Kristi da safe, da dare kuma ya tafi wurin boka neman laya. Ita ce take sa idan saurayi ya rasu, dangi su ƙi yarda cewa ciwo ne ya kashe shi, sai su nemo wata tsohuwa marar gata su ɗora mata maita, ko su zargi gwauruwar da take cikin makoki. Ita ce take sa magidanci ya ƙi faɗin iyakar gonarsa da basussukan da ake binsa, wai kada ya kira wa kansa ajali, bayan ransa kuma 'ya'yansa su ƙare a kotu. Ita ce kuma take sa a ɓoye wa marar lafiya gaskiyar halinsa, a tsare ƙofa kada firist ya shigo. Duk waɗannan ba su ƙara wa kowa ko kwana ɗaya ba. Salama kawai suke sacewa.

3. Abin da Kristi ya yi wa mutuwa

Bangaskiyarmu tana tsaye a kan abu ɗaya da ya faru: Yesu ya mutu a kan gicciye a zamanin Bilatus Babunti, aka binne shi, a rana ta uku ya tashi. Bulus ya lissafa waɗanda suka gan shi: Bitrus, da manzanni, da 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda, waɗanda yawancinsu suna da rai sa'ad da yake rubutu (1 Korantiyawa 15:3-8). Ya kuma faɗa a fili cewa in Kristi bai tashi ba, bangaskiyarmu aikin banza ce.

Ku manoma kun fi kowa gane misalin da Ubangiji ya bayar na ƙwayar hatsi (Yohanna 12:24). Idan ruwan shuka ya sauka, manomi yakan ɗebi irin da ya ɓoye tun kaka, wanda ko a lokacin yunwa bai yarda an daka ba, ya zuba shi a rami ya rufe da ƙasa. Wanda bai san noma ba zai ce an yi asara. Manomi kuwa yana komawa gida da kwanciyar rai, domin ya san abin da ƙasa za ta mayar masa. Haka muke sa 'yan'uwanmu a kabari: shuka muke yi, muna jiran girbi.

Wannan alkawari ya zama namu ranar baftisma, gama a cikinta aka binne mu tare da Kristi domin mu tashi tare da shi (Romawa 6:3-5). Ku lura da abin da ake yi a Misar jana'iza. Ana kunna kyandir ɗin Ista kusa da akwatin gawa, irin kyandir ɗin da aka kunna ranar da aka yi wa mamacin baftisma. Ana yayyafa ruwa mai tsarki don tunawa da ruwan baftisma. Da waɗannan alamu Ekklesiya tana shaida cewa tafiyar da aka fara a bakin ruwan baftisma ce ta kai ga ƙofar gida.

Wani zai ce, "Fada, ni ba kabari nake tsoro ba, shari'ar Allah nake tsoro." Wannan tsoro yana da amfani in ya kai mutum ga tuba. Amma mu tuna wane ne alƙalin: shi ne wanda ya yi wa ɓarawon da ya tuba a kan gicciye alkawarin Firdausi a wannan rana (Luka 23:39-43). Ga wanda ya mutu cikin alherin Allah amma da sauran tabo a ransa, akwai tsarkakewa da muke kira Purgatori, wadda ita ma jinƙai ce, kuma addu'o'inmu suna taimakon waɗanda suke cikinta (2 Makabiyawa 12:43-45, Katekizim na Ekklesiya Katolika, lamba 1030-1032).

4. Shaidun da suka riga mu

Waliyiya Monika, mahaifiyar Waliyi Agustin, 'yar Afirka ce daga garin Tagaste, a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. Ta riga ta shirya wa kanta kabari kusa da na mijinta a gida. Amma a shekara ta 387 ciwon ajali ya kama ta a Ostiya, tashar jiragen ruwa ta birnin Roma, tana da shekara 56. Ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya damu ƙwarai kada ta mutu a baƙuwar ƙasa. Ita kuwa ta umarce su su binne ta ko'ina, kada wannan ya dame su, abu ɗaya kawai ta roƙa: su riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji. Kai gawa gida al'ada ce mai kyau in da hali. Amma iyalan da suke sayar da gona, suna cin bashi don hidimar biso, har yara su bar makaranta, ya kamata su saurari wannan uwa.

A ƙasar Uganda, ranar 3 ga Yuni 1886, aka ƙone Charles Lwanga da abokansa a Namugongo bisa umarnin sarki Mwanga, domin sun ƙi rabuwa da bangaskiyarsu. Ƙaraminsu, Kizito, bai wuce shekara 14 ba, kuma kwanaki kaɗan kafin nan Lwanga ya yi masa baftisma da dare. 'Yan'uwanmu na Anglikan ma sun mutu tare da su a wannan wuta. Paparoma Bulus na Shida ya sa shahidan Katolika 22 na Uganda cikin jerin tsarkaka ranar 18 ga Oktoba 1964.

A ƙasarmu kuma, ranar 8 ga Janairu 2020, 'yan bindiga suka shiga babbar makarantar horar da firistoci ta Good Shepherd a Kaduna, suka sace ɗalibai huɗu. Uku sun dawo. Michael Nnadi, ɗan shekara 18 daga Dayosis na Sakkwato, an kashe shi. Mutumin da aka kama daga baya ya shaida wa 'yan jarida cewa yaron bai daina yi masa wa'azin Bishara ba duk kwanakin da yake hannunsu.

Waɗannan mutane ba su nemi mutuwa ba, mu ma ba a ce mu neme ta ba. Ubangiji ya ba almajiransa izinin gudu zuwa wani gari in an tsananta musu (Matiyu 10:23). Wajibi ne Kirista ya je asibiti, ya sha magani, ya tsare ransa da na iyalinsa, ya kuma nemi hukuma ta yi adalci. Amma idan sa'a ta zo wadda ba makawa, ya san hannun wanda zai faɗa.

5. Guzurin matafiyi

Ba mai hankalin da zai kama doguwar hanya ba guzuri. Ekklesiya ta tanadar wa 'ya'yanta sakramenti uku domin wannan tafiya.

Na fari, Sakramentin Tuba, inda mutum yake furta zunubansa ya sami gafara. Wannan yana bukatar mutum yana cikin hayyacinsa.

Na biyu, Shafewar Marasa Lafiya, wadda Manzo Yakubu ya umarta (Yakubu 5:14-15). A dā mutane sun saba kiranta shafewar ƙarshe, daga nan tsoron ya samo asali. Babban Taron Vatikan na Biyu, a shekara ta 1963, ya bayyana cewa ba ta waɗanda suke bakin mutuwa kaɗai ba ce, kuma Paparoma Bulus na Shida ya tabbatar da sabon tsarinta a 1972. Duk mai bi da ciwo mai tsanani ko tsufa ya fara sa ransa cikin haɗari yana iya karɓa, haka ma wanda za a yi wa babban aiki a asibiti. Ana iya maimaita ta in ciwon ya ƙaru ko ya dawo. Firist yana shafa wa goshi da hannuwa man da Bishop ya keɓe a Misar Mai ta Mako Mai Tsarki, yana roƙon ƙarfin zuciya, da gafarar zunubi, da warkewar jiki in Allah ya nufa. Ni kaina na shafe mutane da yawa waɗanda yau suna gonakinsu.

Na uku, Jikin Kristi da ake ba wanda yake gab da tafiya. Sunansa a harshen Latin yana nufin guzuri. Wanda ya yi alkawarin ta da mai cin jikinsa a ranar ƙarshe (Yohanna 6:54), shi ne da kansa yake zama abokin tafiya.

6. Abin da ya kamata mu yi

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka ina roƙonku:

(a) Idan wani ya kwanta ciwo mai tsanani, ku sanar da katekis ko Fada nan da nan, dare ko rana. Ba a biyan kuɗi domin wannan. Zumuntar Mata Katolika da shugabannin unguwanni su taimaka wajen kawo labari.

(b) Ku gaya wa marar lafiya gaskiya cikin hikima da taushin murya. Yana da hakkin ya shirya.

(c) Kada wata ya wuce wata ba ku je furta zunubi ba. Wanda kuke gaba da shi, ku neme shi ku shirya tun kuna iya tafiya da ƙafafunku.

(d) Magidanta, ku rubuta wasiyya, ku bayyana gonaki da basussuka a gaban shaidu, ku tsare hakkin matanku da 'ya'yanku mata. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

(e) A wannan wata ku ba da sunayen matattunku domin Misa, ku ziyarci makabarta ku share ta, ku kai yara su ma su yi addu'a. Ku roƙi taimakon Uwarmu Maryamu da na Waliyi Yusufu, majiɓincin masu neman kyakkyawan ƙarshe.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiyoyi

1. A unguwarmu, wane tsoho ko marar lafiya ne ya daɗe bai karɓi sakramenti ba? Wa zai kai wa Fada labari a wannan mako?
2. Waɗanne al'adun biso ne a wurinmu suke nuna bege, waɗanne ne kuma suke nuna tsoro?
3. Da a ce an gaya mini saura mini wata ɗaya, wa zan fara nema in roƙi gafararsa?

Addu'a

Ya Ubangiji Yesu, kai da ka san ɗacin mutuwa ka kuma ci nasara a kanta, ka kwance mu daga bautar tsoro. Ka ba mu zuciyar shiri tun muna da lafiya. Kada ka bar ɗayanmu ya tashi daga duniyan nan ba tare da gafararka da guzurinka ba. Ka karɓi iyayenmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu, ka ta'azantar da gwauraye da marayu, ka tara mu duka a gidan Ubanka. Amin.