Ja da Shuɗi a Hoton Sikanin: Yadda Ƙari Ke Jawo wa Kansa Jini

A hutun da ya wuce na raka goggona daga Kurfi zuwa Katsina saboda wani ƙullutu da ya fito mata a mama. Ana cikin sikanin sai likita ta danna wani maɓalli, ɗigo-ɗigon ja da shuɗi suka bayyana a hoton. Goggo ta ɗauka jini ne ke zuba a cikinta, ta hau salati. Ni ma ban gane ba a lokacin, sai da na dawo makaranta na bincika.

Duk wanda ya ga noman rani a gefen dam ɗin Zobe ya san shuka ba ta wuce inda ruwa ya kai. Ƙari ma haka yake. In bai samu jijiyoyin jini nasa na kansa ba, da wuya ya wuce milimita 1 zuwa 2, kamar ƙwayar gero. Wani likitan tiyata a Amurka, Judah Folkman, shi ya fito da wannan bayani a 1971. Idan iskar oksijin ta yi wa ƙarin kaɗan, sai ya saki wani sinadari mai suna VEGF, jijiyoyin da ke kusa su fara tsiro zuwa wajensa. To amma aikin gaggawa ne: a karkace suke fitowa, ba tsari, bangonsu kuma yana yoyo. Wannan rashin tsarin shi likita ke nema a hoto.

Launukan da suka tsorata goggo aikin Doppler ne, sunan masanin Ostiriya da ya bayyana ƙa'idar a 1842. Kun lura jiniyar motar asibiti tana sauya amo in ta wuce ku? Haka na'urar ke aika sautin da kunne ba ya ji, ya bugi jinin da ke gudana ya dawo a sauye. A yadda aka saba saita ta, ja na nufin jini na nufo kan na'urar, shuɗi kuma yana nisantarta. Ja ba alamar haɗari ba ce.

CT da MRI sun fi zurfafawa. Ana yi wa mutum allurar wani ruwa ta jijiya, mai aidin a CT, mai gadolinium a MRI, sai a yi ta ɗaukar hoto a jere. Ƙarin daji yakan sha ruwan da wuri, ya kuma sake shi da wuri. A hanta abin ya fi burge ni. Yawancin jininta daga hanji yake zuwa, amma dajin hanta daga jijiyar da ke kawo jini daga zuciya yake sha, don haka yakan riga sauran hantar haskawa. Mu da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a cikinmu, wannan ya shafe mu. Ta ƙoda wannan ruwan ke fita, shi ya sa ake fara gwada ta, ba neman kuɗi ba ne.

Sai dai fa hoto ba ya yanke hukunci. Ƙurji ma yana jawo jini, wani dajin kuma ba ya nuna launi sosai. Yawanci sai an ɗebi ɗan nama da allura an duba. A nan mutanenmu ke tserewa, wai in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu. Alhali waɗannan jijiyoyin da yake shimfiɗawa suna cikin hanyoyin da yake bi ya kai huhu ko ƙashi, kuma watannin da ake ɓatawa a gida ana shafe-shafe su ke ba shi dama.

Da ƙyar muka shawo kan goggo ta yarda aka ɗiba. Daji ne, amma bai yi nisa ba. Yanzu asibitin koyarwa na Shika take zuwa ganin likita.