Leda Ba Ta Zama Taki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

'Yan uwa ɗalibai, kowa ya san in damina ta kusa, iyayenmu na kwasar juji a amalanke su kai gona don taki. Toka da kashin awaki suna ruɓewa su zama abincin gero. To ledar da ke ciki fa? Ita ba ta ruɓewa. Rana ce ke gasa ta har ta yi rauni, iska da hauya su daddatsa ta. Duk guntun da bai kai milimita 5 ba, masana na kiransa ɓurɓushin roba. Wani ma ido bai ganinsa.

Ɓarnarsa uku muka koya. Na ɗaya, yana canza yadda ƙasa ke riƙe ruwa, sai ta riƙa bushewa da wuri. Na biyu, yana manne wa iri da saiwa, tsiro ya yi jinkiri. Na uku, tana da sauran ƙananan halittu masu gyara ƙasa suna haɗiye shi, su rame. Kuma in ya gauraye da yashi, wallahi ba mai iya tsince shi.

A 2014 Nijar ta yi dokar hana ledar da ba ta ruɓewa, amma har yau ga ta nan ko'ina. Don haka aikin namu ne: mu tsince leda daga juji tun tana babba, kafin a kai gona. Kada mu ƙona ta, hayaƙinta guba ne. In an aike mu kasuwa, mu tafi da kwando.

Ƙasa amana ce a hannunmu. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta, amin.