Daga Gona Zuwa Turmi: Yadda Sarrafa Kurkum Ke Shafar Amfaninsa Ga Lafiya

Gabatarwa

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake koyar da ilmin halittu a wata makarantar sakandare a kudancin Jihar Kaduna, ya kawo mini ƙullin garin kurkum guda biyu. Na farko launinsa rawaya ne mai haske, ƙamshinsa kuma ya cika ofis tun kafin a kwance shi. Na biyu ya koɗe, ya yi duhu-duhu, yana warin ruma. Ya ce mini iri ɗaya ne, gona ɗaya ce, rana ɗaya aka tone su. Wa da ƙane ne suka raba amfanin gonar mahaifinsu, kowa ya sarrafa nasa. Wan ya sayar da nasa da daraja, ƙanen kuwa 'yan kasuwa sun ƙi ko taya nasa. Tambayar malamin ita ce: me ya faru tsakanin gona da turmi? Amsar wannan tambaya ita ce darasinmu na wannan fitowa.

Mene Ne Kurkum?

Kurkum, wanda wasu ke kira kurkur ko gangamau, tsiro ne ɗan gida ɗaya da citta. Sunansa a wurin masana shi ne Curcuma longa. Asalinsa daga kudancin Asiya ne, kuma ƙasar Indiya ce ke noma kusan kashi uku cikin huɗu na wanda ake nomawa a duniya, inda garuruwa irin su Erode da Nizamabad da Sangli suka shahara da kasuwarsa. A Nijeriya ana noma shi a yankunan da citta ke yi, kuma Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa da ke Umudike tana aiki a kansa. Kada a rikita shi da rawaya, itaciyar dajinmu da marina ke rini da saiwarta. Launinsu ya yi kama, amma ba dangi ba ne.

Abin da muke ci a jikin kurkum yawancin mutane saiwa suke ce masa. A ilmin tsirrai kuwa kara ne da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. Ɗalibi zai iya tabbatar da haka da idonsa: yana da gaɓoɓi kamar na rake, yana da idanu inda sabon tsiro ke fitowa, alhali saiwa ta gaskiya ba ta da ko ɗaya. Wannan bayani yana da muhimmanci, domin yana nuna mana cewa kurkum da aka tono rayayye ne. Yana numfashi, yana cin abincin da ya tara, kuma idan ya sami danshi zai tsira.

Abubuwan Da Ke Cikinsa

Ɗanyen kurkum kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari nasa ruwa ne. A cikin abin da ya rage, sitaci ne ya fi yawa. Sai abubuwa biyu da suka ba shi daraja. Na farko shi ne sinadarin launi mai suna kurkumin da 'yan'uwansa biyu, waɗanda a yawancin ire-ire sukan kai kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na busasshen kurkum. Masana biyu, Vogel da Pelletier, su ne suka fara ware shi a shekarar 1815, sannan a 1910 wasu masana 'yan ƙasar Folan suka gano tsarin ƙirarsa. Na biyu shi ne mai mai ƙamshi, wanda ke bin iska cikin sauƙi, musamman idan ya ji zafi.

Kurkumin yana da halaye uku da ya kamata a haddace, domin dukkan darasin a kansu ya dogara. Ba ya narkewa a ruwa sai ɗan kaɗan ƙwarai, amma yana narkewa a mai. Hasken rana yana lalata shi; shi ya sa tabon kurkum a farar riga ke gushewa idan an shanya ta a rana. Sannan ba ya jure sinadarai masu kaifi irin na kanwa da toka: da sun haɗu sai ya koma ja, idan kuma suka daɗe tare sai ya wargaje.

Mataki Na Farko: Tono Da Wankewa

Ana tonon kurkum wata 7 zuwa 9 bayan shuka, lokacin da ganyen ya yi rawaya ya bushe. Wanda aka tono da wuri ruwa ya fi yawa a cikinsa, idan ya bushe sai ya yamushe ya rasa nauyi. Bayan tono sai a kakkaɓe ƙasa, a yanke ƙananan saiwoyi, a wanke da ruwa mai tsabta, a raba uwa mai kauri da 'ya'yanta masu kama da yatsu. A ware na iri, domin wanda aka dafa ba zai tsira ba. Sauran kuma a sarrafa shi cikin kwana biyu zuwa uku. Idan aka jibge shi ya daɗe, zai yi gumi, wuraren da fartanya ta sare su fara ruɓewa.

Mataki Na Biyu: Dafawa

Ana zuba kurkum a tukunya ko rabin duro mai tsabta, ruwa ya rufe shi, a dafa na minti 45 zuwa 60. Alamar nuna ita ce kumfa ta taso, farin tururi mai ƙamshin kurkum ya fito, kuma tsinke ya shige shi ba tare da an matsa da ƙarfi ba. Uwa ta fi yatsu jinkirin nuna, saboda haka daban ake dafa ta.

To, me ya sa za a dafa abin da ake so a busar? Dalilan huɗu ne. Na ɗaya, zafi yana kashe ƙwayoyin halittar karan, ya hana shi tsira. Na biyu, rayayyiyar ƙwayar halitta tana da tantani mai riƙe ruwa; idan zafi ya lalata tantanin, ruwa zai fita da sauri, kwanakin shanya su ragu sosai. Na uku, sitacin da ke ciki yana kumbura ya yi danƙo, kamar yadda kullun koko ke yin kauri idan an kwara masa tafasasshen ruwa. A ɗanyen kurkum launin yana tare ne a cikin wasu keɓaɓɓun ƙwayoyin halitta. Idan suka fashe, sai launin ya bi wannan danƙo ya game ko'ina, bayan ya bushe kuma ya yi tauri kamar ƙaho, ya yi wa ƙwari wuyar hudawa. Na huɗu, tafasa tana kashe yawancin ƙwayoyin cuta da suka biyo shi daga ƙasa.

Tun da kurkumin ba ya narkewa a ruwa, kaɗan ne ke zubewa a ruwan dahuwa. Hatsarin yana wajen wuce ƙa'ida. Idan dahuwa ta zarce, launi ya dushe, man ƙamshi ya bi tururi. Idan ba ta kai ba, cikin ya zauna ɗanye, ya bushe da gautsi da launi dabbare-dabbare. A Indiya wasu kan sa ɗan sodar burodi, kamar giram 1 a litar ruwa, don launi ya ƙara kyau. Wannan awo ne ƙanƙane. Wanda ya watsa dunƙulen kanwa a tukunya don ya gaggauta nuna, kamar yadda ake yi wa wake, ya ninka wannan awo sau da yawa, kuma yana lalata ainihin abin da ake nema. Ruwa zalla ya wadatar.

Mataki Na Uku: Shanya

Ana baza dafaffen kurkum a kan tabarma ko tamfol mai tsabta, kaurinsa kamar santimita 5 zuwa 7, ana juya shi, da dare a rufe shi saboda raɓa. Yakan ɗauki kwana 10 zuwa 15. Manufa ita ce danshinsa ya sauko zuwa kashi 10 cikin ɗari ko ƙasa da haka. Busasshen yatsa idan an karya shi sai ya yi ƙas, ba ya tanƙwaruwa. A injin busarwa kuwa, zafin digiri 60 a ma'aunin Salshiyos ne aka fi yarda da shi.

A nan akwai ciniki tsakanin abu biyu. Idan aka yayyanka kurkum sirara, zai bushe cikin 'yan kwanaki, amma an buɗe cikinsa ga rana da iska, launi da ƙamshi su ragu. Idan aka bar shi ɗungurungum, ɓawonsa zai kare cikin, amma shanyar za ta daɗe. Ga mai sarrafa kaɗan a gida, dabara ita ce a yayyanka, a shanya a inuwa mai iska. Mu a nan Allah ya ba mu sauƙi, domin lokacin tono yakan zo daidai da hunturu, sa'ad da iska ke bushe. Abin gudu shi ne shanya a gefen kwalta, inda ƙura da hayaƙin mota da dabbobi ke bi ta kai.

Babban haɗarin shanyar da ba ta kammala ba shi ne funfuna. Wani nau'inta mai suna Aspergillus flavus yana fitar da guba mai suna aflatoksin. An gano wannan guba ne bayan ta kashe talotalo kusan 100,000 a Ingila a shekarar 1960, ta hanyar abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Tana lalata hanta, tana iya jawo ciwon daji na hanta, kuma girki na yau da kullum ba ya kashe ta. Da na bincika labarin ƙullin nan na biyu, a nan matsalar take: ƙanen bai dafa nasa ba, ya shanya na mako guda, ya ga bayansa ya bushe, ya ɗure a buhun leda alhali cikin da sauran ruwa.

Mataki Na Huɗu: Gogewa, Niƙa Da Ajiya

Busasshen kurkum bayansa kaushi gare shi, launinsa kuma kamar ƙasa. Ana goge shi ta hanyar cuɗa shi a buhu ko juya shi a cikin ganga har ya yi santsi. A wannan mataki ne algus ke shigowa. A shekarar 2019 masu bincike daga Jami'ar Stanford ta Amurka da abokan aikinsu na Bangaladash suka bayyana cewa wasu masu gogewa a can suna barbaɗa wata hodar fenti mai ɗauke da dalma don kurkum ya yi sheƙi. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Mu da muka ga yadda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani. Hukumomin Bangaladash sun tashi tsaye da faɗakarwa da tara, kuma zuwa 2021 binciken da aka sake yi a kasuwannin bai sami dalmar ba. Saboda haka garin da launinsa ya cika ƙyalli yana iya zama kyan ɗan maciji. Ya fi aminci a sayi ɗungurungum wanda ba a shafa masa kome ba, a daka a gida.

Gari ya fi ɗungurungum saurin rasa ƙamshi, don haka a niƙa daidai bukatar 'yan watanni, a ajiye a mazubi mai murfi wanda haske ba ya ratsa shi, nesa da murhu.

Ina Amfanin Ga Lafiya?

A ɗakin gwaji an ga kurkumin yana rage kumburi, kuma wasu gwaje-gwaje a kan mutane sun nuna yana ɗan sassauta ciwon gwiwa na tsufa. Amma hanji ba ya tsotse shi sosai, ɗan abin da ya shiga jini kuma hanta tana saurin sauya shi ta fitar. A 1998 wani bincike a birnin Bangalore na Indiya ya nuna cewa miligiram 20 na sinadarin yajin masoro ya ninka yawan kurkumin da ke isa jini kusan sau 20. Don haka kurkum a miya mai mai da ɗan masoro ya fi wanda aka kaɗa a ruwa isa jiki. Duk da haka, babu hujjar kimiyya cewa yana warkar da ciwon daji ko ciwon sukari, kuma kuskure ne babba majinyaci ya ajiye maganin likita saboda shi.

Bari mu yi lissafi. Kilo 100 na ɗanye yakan ba da kimanin kilo 20 na busasshe. Idan kurkumin kashi 3 ne cikin ɗari, giram 600 ke nan. Ƙaramin cokali na gari, kamar giram 3, yana ɗauke da miligiram 90. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ya sa iyakar abin da za a riƙa ci kullum a miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin jiki. Mai nauyin kilo 60 iyakarsa miligiram 180, wato cokali biyu. Abin da ake sa wa tukunyar iyali bai kai haka ga kowane mutum ba. Ƙwayoyin kurkumin da ake sayarwa a kwalba kuwa, guda ɗaya takan kai miligiram 500, sau da yawa haɗe da sinadarin masoro. A 2019 hukumomin lafiya na Italiya sun sami rahoton mutane fiye da 20 da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan. Mai juna biyu, da mai tsakuwar matsarmama, da mai shan maganin tsinka jini, kada su sha su sai da izinin likita.

Aiki A Aji

Gani ya kori ji. Malami ya sa ɗalibai su shafa ruwan kurkum a farar takarda ta bushe, su yanka ta uku. A ɗiga ruwan kanwa a ta farko, a lura da ja. A bi shi da ruwan lemon tsami, a ga rawaya ta dawo. A ajiye ta biyu a rana, ta uku a cikin akwati, a kwatanta su bayan kwana uku. Sannan a auna ɗanyen kurkum kashi biyu masu nauyi ɗaya, a dafa ɗaya, a shanya su tare, a riƙa auna su kullum ana rubutawa. Ɗalibai su zana jadawali, su bayyana wanne ya riga daina rage nauyi, da dalilin haka.

Kammalawa

Mun ga cewa darajar kurkum a gona take farawa, amma a makonni biyu na bayan tono ake tsare ta ko a zubar da ita. A tono a kan kari, a dafa daidai, a busar sarai, a guji algus, a ɓoye daga haske da danshi. Ina fata ɗalibanmu, musamman 'ya'yan manoma, za su kai wannan bayani gida kafin kaka mai zuwa, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.