Ƙoda da Mutuwar Fuju'a ga Tsofaffi

Kun sha jin irin wannan labari a Gumani. Dattijo ya ci tuwon dare, ya yi hira da jikoki, gari ya waye babu shi. Sai a ce zuciya ce ta tsaya. Haka ne, amma sau da yawa daga ƙoda matsalar ta faro.

Ƙoda biyu gare mu, a baya, ƙarƙashin haƙarƙari. Aikinsu tace jini dare da rana, su fitar da datti da rarar ruwa ta fitsari. Cikin abin da suke fitarwa akwai wani sinadari, fotasiyam. Zuciya na bukatarsa, amma daidai gwargwado. In ƙoda ta gaza, sai ya taru a jini, ya rikita bugun zuciya, har ta tsaya cikin mintoci kaɗan. Ga kuma ruwa da gishiri da ke taruwa: jini ya hau, naman zuciya ya yi kauri, kuma zuciya mai kauri ta fi saurin rikicewa.

Ciwon ƙoda yakan ɓoye. Aikinta na iya raguwa da rabi mutum bai ji komai ba. Kada ku jira ciwon baya. Kumburin ƙafa ko fuska, fitsari mai kumfa, kasala da haki sukan bayyana ne bayan abu ya yi nisa. Saboda haka in kun kai shekara 60, ko kuna da hawan jini ko ciwon suga, ku roƙi likita ya auna ƙodarku sau ɗaya a shekara. Ɗan jini ne za a ɗiba, da ɗan fitsari.

Abin da ya fi damunmu shi ne maganin ciwon jiki. Tsoho gwiwa na ciwo, sai ya aiki yaro kemis a sayo diclofenac ko ibuprofen, kullum kullum. Waɗannan ƙwayoyi suna rage jinin da ke shiga ƙoda. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da gumi ya kwashe ruwan jiki, ɓarnarsu ta fi yawa. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba ma ku yi hattara da su. Gishiri kuwa kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini, har da na magi da kanwa.

In baba ko inna suka ji faɗuwar gaba, nauyi a ƙirji, ko suka suma, kada a bari sai da safe. Ku kira 112, ko ku kai su Asibitin Koyarwa na Tamale nan take. Ku tafi da duk magungunan da suke sha, na bature da na gargajiya, likita ya gani da idonsa.