Yawon Ganin Duwatsu a Bas: A Lissafa Awanni Kafin a Lissafa Kuɗi

Da zarar hutun makaranta ya zo ko an sha Sallah, ƙungiyoyin matasa da makarantun Islamiyya da ma'aikatan ofisoshi a Abakpa da Unguwar Shanu da Kawo a Kaduna sukan haɗa kuɗi su ɗauki shatar homa ko kosta domin zuwa kallon duwatsu. Niyya ce mai kyau, domin yaron da ya tashi tsakanin gini da kwalta ya cancanci ya ga yadda Allah ya shimfiɗa ƙasarsa. Inda gizo ke saƙar shi ne tsarin tafiyar. Sai kwamiti ya zauna ya jera Jos da duwatsun Shere da dutsen Riyom da ruwan Assop, kuma a ce duk a yini ɗaya za a je a dawo. Ƙarshenta a ga komai ta tagar mota, a kamo hanyar gida cikin dare da direban da barci ya cika wa ido. Shawarata ita ce a auna tafiya da hasken rana da ƙarfin direba, sannan a zaɓi wuraren da za su shiga cikin wannan ma'aunin.

Lissafin ba shi da wuya. Daga Kaduna zuwa Jos ta Mararrabar Jos da Pambeguwa da Saminaka, bas cike da mutane ba ta kasa awa 4 a hanya, zuwa da dawowa awa 8 ke nan. Hasken yini kuwa kusan awa 12 ne. A cire jiran waɗanda suka makara, da salla, da cin abinci, da shingayen jami'an tsaro, me ya rage na kallo? Ga shi Assop ma sai an wuce Jos da Riyom an gangara Hawan Kibo. A Sukotland, inda kai baƙi kallon tsaunuka da tsibirai a bas ya zama babbar sana'a, doka ta hana direba wuce awa 4 da rabi yana tuƙi ba tare da hutun minti 45 ba, kuma tuƙin yini a ƙa'ida awa 9 ne. Shi ya sa masu tashi daga Edinbara zuwa tsibirin Skye sukan ware kwana uku. Tsauninsu mafi tsawo, Ben Nevis, mita 1,345 ne, bai kai ƙololuwar Shere mai mita 1,829 ba. Ashe ba duwatsu suka fi mu ba, tsari ne.

Hanyar dutse kuma tana da nata sharaɗin. Kaduna tana kimanin mita 600 sama da teku, Jos kuwa kimanin 1,200, duk abin da mota ta hau kuwa sai ta sauko shi. Direban da ya sa mota a firi a gangara don tattalin mai, ya dogara da birki kaɗai, yana gasa birkin ne har ya daina kamawa, irin abin da ya sa Hawan Kibo ya yi ƙaurin suna wajen haɗari. Ƙa'ida ita ce a sauko da lamba biyu, inji ya riƙe mota. Idan fasinja ya ji ƙaurin ƙuna daga wajen tayoyi, ya yi magana a tsaya birki ya huce. Kwana guda kafin tafiya, mutum biyu daga kwamiti su je tasha da kansu. Su duƙa su karanta lambobi huɗun da ke gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Su ga sifiya da jak da idonsu, a kunna fitilu da waifa a gabansu, sannan a rubuta sunan kowane fasinja da lambar wani nasa, a bar kwafi a gida.

Wajen zaɓen wuri, idan yini ɗaya ake da shi, dutsen Kufena da ke Zariya ya wadatar, tunda tafiyar ba ta wuce kilomita 80 ba. A tashi bayan Asuba, a hau da sanyin safiya, a dawo kafin Magariba. Idan Filato ake so, dole a kwana: ranar farko tafiya da gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952, rana ta biyu Shere da sassafe, a kamo hanya da Azahar. Lokaci mafi dacewa shi ne kaka, Oktoba zuwa Nuwamba, ciyawa na nan kore, ruwan rafuka bai janye ba. A tsakiyar damina dutse santsi gare shi, a hunturu kuma hazo kan rufe nesa. Kowa ya riƙe rigar sanyi.

Wani zai ce kuɗin kwana zai hana talaka zuwa. Gaskiya ne kuɗi zai ƙaru, amma maganinsa a fara adashen tafiya da wuri, ko a zaɓi wuri na kusa. Araha ba ta ado, balle arahar da za a biya da rai. Wani zai ce direbansu ya san hanya ciki da bai. Sanin hanya ba ya korar barci, kuma gwani ma idan ya yi awa goma a sitiyari hannunsa kan yi nauyi. Masu cewa kwana a wani gari ya fi haɗari su tuna cewa hanyar daji cikin dare ta fi masauki a tsakiyar gari tsoro. Tsaro dai abin dubawa ne sosai, harin da aka kai wurin shaƙatawa na Kajuru Castle a Afrilun 2019 ya ishe mu darasi. Don haka a tambayi 'yan yuniyon na tashar Kawo halin da hanya ke ciki a jajibirin tafiya, idan suka ce a dakata, a dakata.

Ya ku shugabannin ƙungiyoyi da malaman makarantu, 'ya'yan mutane amana ce a hannunku. Ku rage wurare, ku bar direba ya huta, kada Magariba ta same ku a daji. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.