DARASI: DAJIN FALGORE DA RUWAN TIGA

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan Dajin Falgore ne. A karanta shi a taron ƙungiya, sa'an nan a amsa tambayoyin da ke ƙarshe. Abin da muke so kowa ya gane shi ne, dajin nan shi yake tsare mana ruwa, kuma gwamnati ita kaɗai ba ta iya tsaronsa sai da hannun mutanen da suke zaune kewaye da shi.

1. Tarihin dajin

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos, in ya wuce Tudun Wada, ta cikin Falgore zai ratsa. Girmansa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa ƙasar Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi, ana ce da shi gandun dajin Kogin Kano. A 1969 aka mai da shi gandun namun daji, aka hana farauta da sara da noma a ciki.

2. Yadda daji yake tsare ruwa

Kogin Kano daga tsaunukan kudu yake gangarowa, ya ratsa Falgore, ya zuba a dam ɗin Tiga, a ƙasar Bebeji. An gama gina dam ɗin a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Da ruwansa ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam.

To, ina ruwan itace da dam? Ga yadda abin yake. In an yi ruwan sama a inda akwai itatuwa da ciyawa, ganye yakan rage ƙarfin saukarsa, saiwa kuma ta riƙe ƙasa. Ruwan sai ya nutse a hankali, ya riƙa tsattsafowa cikin rafuffuka har bayan damina. Amma in an sare itatuwan, aka ƙone ciyawar, ruwa yakan kwaranya gaba ɗaya, ya kwashi ƙasar sama mai taki, ya yi ja wur. Wannan jar laka ba ta ɓacewa. Tana zuwa ta kwanta a gindin dam, kowace shekara tana rage wa ruwa wurin zama. Ke nan mai sara a Doguwa yana rage ruwan mai tumatir a Kadawa, ko da yake ba su taɓa ganin juna ba.

3. Abubuwan da suke cin dajin

Na farko, saran itace don gawayi da itacen sayarwa. Na biyu, wutar daji da ake sawa da rani don neman ɓera da zomo, wadda take kashe ƙananan itatuwa tun ba su kai ko'ina ba. Na uku, faɗaɗa gona zuwa cikin gandu da kiwo fiye da kima.

Akwai kuma wata hasara. Dajin da mutanen kirki suka ɗauke ido daga kansa, ɓarayi suke gāda. An yi shekaru Falgore yana maɓoyar ɓarayin shanu da masu tare hanya, har a 2017 sojoji suka mai da wani sashensa filin atisaye. Wa ya fi shan wahala a lokacin? Mutanen ƙauyukan gefen dajin, manoma da makiyaya baki ɗaya.

4. Misali daga Maraɗi

Wani zai ce, “In mun bar dajin, ina za mu sami itacen girki?” Tambaya ce mai kyau, kuma 'yan'uwanmu na ƙasar Maraɗi a Nijar sun amsa ta. A 1983 wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsire-tsiren da ake sarewa lokacin sharar gona ba ciyawa ba ne. Toho ne na kututturen itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin tohon suna gyara shi, suka sa wa aikin suna sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da hekta wajen miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Ƙasarsu kuwa ba ta kai tamu samun ruwan sama ba.

Ga yadda ake yi. In ka sami kututture mai toho, zaɓi ƙarfafa uku zuwa biyar ka bari, ka yanke sauran. Ka datse rassan ƙasa zuwa rabin tsawon tohon, da adda mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya sāɓule. Ka ɗaura ƙyalle don kowa ya san da mai shi. Kowace shekara kana iya yanke ɗaya don girki, ka bar sauran su girma. Gawo yana kaɗe ganye da damina, ba ya hana hatsi rana, yana kuma ƙara wa gona ƙarfi. Ɗorawa ta ba uwargida kalwar daddawa, kaɗanya ta ba ta man kaɗe.

5. Aikin ƙungiya

(a) Kowane ɗan ƙungiya ya bar kututture goma a gonarsa bana, a rubuta a littafin sakatare.
(b) Bayan girbi a yi gayya a share hanyar tare wuta tsakanin gonaki da daji.
(c) A zaɓi mutum uku su zama wakilan daji, mace ɗaya a cikinsu, gama mata ne suka fi sanin nisan da itace ya yi.
(d) A zauna da mai unguwa da dagaci da arɗon Fulani a yi yarjejeniya a kan burtali da wuta da sara. Dokar da ba a yi da makiyayi ba, ba za ta kai rani ba.
(e) In an ga mota tana ɗibar gawayi daga gandu, kada kowa ya ɗauki doka a hannunsa. A rubuta rana da wuri, a kai wa dagaci da malamin daji. In ba a ga mataki ba, ƙungiyoyin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su haɗu su rubuta wa ƙaramar hukuma takarda ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne itatuwa ne dattawanmu suka sani a nan waɗanda yanzu babu su?
2. Awa nawa matanmu suke yi wajen neman itace, kuma da can nawa suke yi?
3. Wane launi rafinmu yake yi bayan ruwan farko? Me ya sa?
4. Wa za mu aika wurin dagaci, kuma wace rana?

Sakatare ya rubuta amsoshin, a duba su a taro na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka.