Shirin da ka gada amana ne

Ɗana, mahaifiyarka ta shaida mini an miƙa maka ragamar wani shiri mai dogon zango, wanda wasu suka fara tun kafin ka shiga harkar. Allah Ya sanya albarka. Na ce bari in aiko maka da 'yan kalmomi daga nan Keana tun aikin bai yi nisa ba.

BBC tana da wani shiri, Doctor Who, labarin wani matafiyi daga wata duniya da ke yawo tsakanin zamanin da ya shuɗe da wanda bai zo ba. An fara haska shi ranar 23 ga Nuwamba 1963, kuma wata matashiya, Verity Lambert, ce furodusarsa ta farko. A 1966 lafiya ta gaza wa jarumin, William Hartnell. Maimakon a rufe shirin, sai aka saƙa a cikin labarin cewa matafiyin nan yana iya sauya jiki da kamanni, Patrick Troughton ya karɓa. Wannan dabarar ce ta kai shirin fiye da shekara 60. Kai ma kada ka rataya labarinka a wuyan ɗan wasa ɗaya, komai farin jininsa. Ciwo na zuwa, saɓani na zuwa, mutuwa ma tana nan.

Wanda na fi so ka duba shi ne John Nathan-Turner. Shi ya riƙe shirin daga 1980 zuwa 1989, babu furodusan da ya kai shi daɗewa. Ya nemi a sauya masa aiki, aka ce ya ci gaba. Masu kallo suka ragu, masoyan shirin suka ɗora masa laifi, kuma a hannunsa BBC ta dakatar da shi. Ni ina ganin an yi masa rashin adalci, domin ya ja kayan a shekarun da manyansa suka juya wa shirin baya, ya bar abin da Russell T Davies ya samu ya farfaɗo da shi a 2005. Za a zage ka, ɗana, wani lokaci da gaskiya, wani lokaci ba gaira ba dalili. Ka saurara, ka gyara na gyarawa. Matan garinmu ba su suka fara dafa gishiri ba. Sun tarar da shi, kuma kowacce ta san wata za ta bar wa. Shirin da ka gada ma haka yake.

Sai maganar ajiya, wadda ta fi damuna. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta goge kaset-kaset masu yawa na shirin don ta sake naɗar wani abu a kai. Ka san inda aka tsinci kwafin wasu? A Jos, hedikwatar jiharmu kafin a yanke Nasarawa a 1996. A 2013 aka sanar cewa wani Bature, Philip Morris, ya gano gwangwanayen fim a ɗakin ajiya na wata tashar talabijin a can, da sunan shirin rubuce a jikin ɗan salatif. Kashi 9 a ciki an riga an fid da rai da su, duk na zamanin Troughton. Wani ma'aikaci da ba a ambaci sunansa ba ya jera su a kan kanta bai zubar ba, Allah Ya saka masa da alheri.

Ka tuna shirin Samanja na Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, da wasannin marigayi Kasimu Yero. Duk wanda ya girma da su yana son jikokinsa su gan su cikakku, ba guntu-guntu a waya ba. Saboda haka duk kashin da kuka kammala ku kwafe shi wuri uku, kada duka su kwana a ofis ɗaya. A rubuta ranar ɗauka da sunayen kowa, har mai riƙe fitila. Rubutattun labaran ma a adana su. Kuma tun yanzu ka jawo yaro ko yarinya mai hankali kusa da kai, su riƙa zama wurin tacewa suna ganin dalilin da ya sa ka yanke wannan ka bar wancan.

Ka gaishe mini da iyali.